Kunnen Kwamfuta a Kan Gora

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yau sai in ajiye carbina in yini ina nema, alhali yana wuyana. Amma akwai wata Juma'a ta lokacin cirar auduga da tsufa bai isa ya taɓa ba, da ita za a kai ni makwanci. Ni ban taɓa zama a aji ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada wanda ya gyara mini magana.

Ina da ƙane, shi ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar babban fari, lokacin ina goyon ɗana na fari, ya ce shi ba zai zauna yana kallon dawa tana ƙonewa a tsaye ba, gabas za shi. Saurayi ne, ko gemu bai tsayar ba. Na raka shi bakin hanya a nan garinmu, wajen Tsiga, ya hau bayan wata akori-kura da za ta Funtua, yana ɗaga mini hannu har suka sha kwana. Ta Sudan ya bi, ya isa Makka, ya sauke farali, sai ya zauna. Ya yi aure, ya hayayyafa. Da farko kaset yake aiko mana ta hannun alhazai, mu taru mu saurara, mu ma mu cika namu mu aika. Da wayar hannu ta zo mukan gaisa jefi-jefi. Amma fuskarsa, tun ranar akori-kuran nan ban ƙara sa ta a ido ba. Allah bai nufe ni da zuwa ba, shi kuma kullum sai baɗi.

To, sai ga saƙo daga 'ya'yansa: ciwon zuciya ya matsa masa, za a yi masa aiki, ranar Juma'a bayan magaribarsu za su kai shi asibiti. Ya ce kafin nan yana son ya ga Yayarsa da ido. Ɗana ya ce magaribarsu ita ce la'asar ɗinmu. Nan aka fara ruɗa ni. Rana ɗaya ce Allah ya yi, ta yaya za ta faɗi a wurinsu tana tsaye a wurinmu? Ya ɗauko lemo zai yi mini bayani, na ce ya ajiye lemonsa, na ji, kafin la'asar ke nan.

Ɗan nawa, ba zan kama sunansa ba tunda na fari ne, Malam nake ce masa, yana koyarwa a makarantar sakandaren da ke tsallaken gidanmu. Yana da kwamfuta irin ta kan tebur, mai akwati a ƙasa da gilashi a sama. A makarantar an kafa wani babban faranti mai kallon sama, shi ke jawo intanet, ya kuma watsa ta cikin iska a harabar. Shugaban makarantar ya ba shi izini da lambar sirri. Saura abin da zai kamo iskar. Malam ya tafi Funtua wurin wani mai shago, iyayensa mutanen kudu ne amma a nan aka haife shi, ya sayo wani ɗan baƙin abu da bai fi babban yatsana ba. Ya ce sunansa adafta. Na ce mene ne aikinsa? Ya ce, "Inna, ɗauke shi kamar kunne. Kwamfutar kurma ce, da wannan za ta ji."

Ranar Alhamis na zauna ina kallo. Ya tayar da janareta, ya cusa kunnen a bayan akwatin, ya zura wani faifai mai walƙiya da aka haɗo da shi, wai sai kwamfutar ta fara sanin baƙon kafin ta yarda da shi. Ɗan abin ya fara ƙifta koriyar wuta kamar idon mage. Sunan makarantar ya fito, ya danna lambar sirri. Sai ya nuna mini wasu 'yan sanduna a lungun gilashin, jere kamar matakalar rumbu, ya ce in sun cika, sabis ya yi ƙarfi. Guda ɗaya ce ta kama, ita ma ta zo ta tafi. Safiyar Juma'a ma haka. Ya juya akwatin, ya ja teburin, ya buɗe taga, duk a banza. Ya kira mai shagon, shi kuma ya ce masa yana nan tafe da maganin abin. Da ladan ya yi kiran farko, Malam ya sa babbar riga, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, don Allah kada kowa ya taɓa. Na bar janareta a kunne, yanzu zan dawo."

Kowa. Wai ni ce kowa.

Ku da ba ku sani ba, bari in gaya muku ko ni wace ce. Shekarar da auduga ta yi albarka, bayan farin nan da 'yan shekaru, maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya fara kawo talabijin unguwarmu, mai baƙi da fari, da batirin mota ake kunna ta. Eriyarta a kan doguwar gora take, ɗaure da katangar soro. Iska in ta kaɗa ta, hoton ya koma kamar ana sheƙar gero. Maigida ya fita ya kama gorar, ni ina ciki ina ba da umarni: "Dama! Ƙara kaɗan! Ka wuce, dawo! Tsaya nan!" Idona ne ma'auni. Matan unguwa kaf sun san in ba ni a ɗakin, tashar Kaduna ba ta kamuwa. Har daga wasu gidaje, da suka sayi tasu, ni ake aikowa in je in saita. Darasin da na riƙe tun lokacin guda ne: duk abin da ke kama iska, sama yake so. To ga ɗana, da karatunsa, ya ɓoye kunne a bayan akwati, a ƙarƙashin tebur, kusa da takalma, yana mamakin bai ji ba.

Na dubi inuwar tsakar gida, ta fara karkata. Na ce a raina, in na jira, magaribar mutanen can za ta yi. Na kira matar Malam na ce, "Ke, ɗauko mini gorar da ake kaɗo mangwaro." Ta tsaya tana murza gefen zani. Ta ce, "Inna, kamar dai na ji ya ce..." Na ce, "Mijinki yana wasan ƙasa nake kamo Kaduna. Ɗauko." Yarinya mai kunya, ba ta ƙara ba. Na durƙusa na zare kunnen. Wutar nan tasa ta mutu, na ce hutawa yake. Don kada rana ta gasa shi, na naɗe shi a farin ƙyalle, na ɗaure da zare a ƙarshen gorar, muka ɗaga ta muka jingina da katanga, daidai inda aka tsiba audugar da aka ciro, ana jiran a dura a buhu.

Na tura ta ɗaki ta zama idona, ni na kama gora. "Ya kawo?" Ta ce, "Inna, sandar ma ta ɓace, wata jar alama ce ta fito." Na ce ja ai alamar ya fara zafi ne. Na juya yamma. "Yanzu fa?" "Tana nan ja." Na juya wajen makaranta, na juya wajen Bakori, har alƙibla na gwada, tunda can ne mai maganar yake. Shiru. Kaina ya ɗaure. Abin da ya yi mini aiki shekara da shekaru, yau ya ƙi ni a gaban surukata. Haushi ya sa na girgiza gorar da ƙarfi, irin yadda maigida yake yi in ta yi taurin kai. Na ɗaga ido, ƙarshen gora fayau, zare kaɗai ke lilo.

Farin ƙyalle ya faɗa cikin farar auduga, tsibin da ya kai ƙirjina.

Ban san lokacin da na ce innalillahi ba. Muka faɗa cikin audugar nan mu biyu, muna tona kamar kaji. Duk dunƙulen da na matsa, sai in ji tauri, in buɗe, ƙwallon gurya ne. Ana cikin haka muka ji babur ya tsaya, aka yi sallama a zaure. Mai shagon ne. Shi ranar Lahadi yake zuwa tasa ibadar, shi ya sa ya sami hanya babu kowa. Na ce ya shigo, ai ni uwa ce. Ya shigo ya gan mu, auduga har gira, ga gora a tsaye. Ya ce, "Mama, lafiya? Ina adaftan?" Na nuna masa tsibin. Ya dubi gorar, ya dubi zaren, ya dube ni, sai ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na ce, "Ɗan nan, in dariya ce ka yi ta a gabana, ba na son munafunci."

Na ba shi labarin eriyar maigidana da gorarta. Da ya share hawaye ya ce, "Mama, in tambaye ki. Eriyar Baba ta da, babu wani abu da ya sauko daga gorar ya shiga ɗaki?" Na buɗe baki zan ce babu, sai na gan ta a idona: baƙar waya mai faɗi, ta biyo gora ta shigo ta taga, wadda nake hana yara shanya a kanta. Shekara nawa ina ba da labarin gorar nan, ban taɓa sa wayar a ciki ba. Na ce, "To ai an ce mini wannan ta iska yake kamawa." Ya ce, "Ta iska yake ji, amma wa zai gaya wa abin da ya ji? Kunne ne, Mama. In kin yanke kunne kin rataye a bishiya, mai shi zai ji kiran salla?"

Ya tuɓe takalmi ya shiga tonon tare da mu. Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da mutum uku a cikin audugarsa. Ya kalli rana, ya cire babbar riga ya shigo na huɗu. Inuwa tana ta tsawo. Ni dai ina tono ina cewa a zuci, ya Allah, kada hannuna ya zama shi ya raba ni da fuskar yaron nan. Matar Malam ce ta yi dabara, ta ce a daina tono, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ana zubawa a turmi, mai nauyi zai yi ƙara. Ba mu daɗe ba muka ji ƙwas.

Maganin da mai shagon ya kawo, ashe doguwar waya ce. Ya cusa bakinta a bayan akwatin, ya jona kunnen a ɗaya bakin, koriyar wutar ta dawo. Ya fitar da shi ta tagar da ke kallon makaranta, ya duba hagu da dama yana neman inda zai rataye shi ya wuce tsayin katanga. Sai ya ce a hankali, "Mama, ara mini gorar." Na ce, "Wace gora? Wadda ka yi wa dariya?" Aka ɗaure shi, aka ɗaga. Sandunan nan suka hau, saura ɗaya su cika. Ni dai na gyara ɗaurin ɗankwalina.

Ladan yana gyaran murya don la'asar hoton ya buɗe. Sai ga wani tsoho a jingine da matashi, farin gemu, kumatu sun faɗa. Mahaifinmu ne, wanda aka binne tun ina amarya. Na zame daga kujera na durƙusa, na ce, "Baba, ina wuni?" Malam ya kama kafaɗata ya ce, "Inna, Kawu ne." Na ce ƙarya ne, ƙanena baƙin gashi gare shi, a kira mini shi, wannan tsohon ya matsa. Sai tsohon ya matso da fuskarsa, ya ɗaga hula, ga tabon nan a goshi na ranar da ya faɗo daga tsamiyar bayan gida. Ya ce, da wata Hausa da Larabci ya lanƙwasa, "Yaya, ke ce kika tsufa haka?" Na ce, "Ji mai magana! Ni da haƙorana, naka fa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai ya ƙura mini ido. Ya ce, "Mene ne wannan fari-fari a kanki?" Na shafa, auduga ce ta maƙale a ɗankwali da gira. Ya ce, "Har yanzu ana nomanta? A gonar bakin rafi?" Na ce a nan aka ciro ta. Ya ce in kawo masa ya gani. Matar Malam ta ɗebo cike da hannu, na kara ta a ɗan idon kyamarar da ke saman gilashin. Ya miƙo yatsu kamar zai taɓa. Wanda ya gudu don ƙasa ta bushe, ga shi yana kuka a kan audugar ƙasar. Ba mu yi wata doguwar magana ba bayan nan. Ya ce in yafe masa baɗin da bai zo ba, na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Aka kira salla a wurinsu, 'ya'yansa suka ɗaga shi. An yi aikin, ya kwana biyu, Allah ya karɓi abinsa.

Har gobe in ana ba da labarin nan a gidanmu, su ce Inna ta jefa adafta a auduga, ni in ce gorata ce ta kamo Makka, kuma duk gaskiya ne. Abin da na ɗauka dai shi ne, sanin jiya yana da amfani, amma ka tuna shi duka, da gorar da wayar, kafin ka ce wa na yau matsa. Kuma komai nisan da abu ya yi sama, in ba a jone yake da gida ba, ba ya isar da komai. Ku da kuke da naku a nesa, kada ku jira sai rana ta karkata kafin ku nemi fuskarsu.