Na Yi wa Inna Inshorar Rai Ban Gaya Mata Ba

Jama'ar wannan mujalla, ku yi haƙuri ku saurare ni. Abin ya daɗe yana cina, kuma a gida ba ni da wanda zan gaya wa.

A lokacin ina malamar lakwal, wato makaranta, a Tawa, mai ji da kaina, don ni kaɗai na yi boko a gidanmu. Innata tana ƙauye wajen Kalfu, ta tsufa, ga marayun yayana da ya rasu wajen bida, wato ci-rani, a Abijan, ita ke riƙonsu da ɗan gero da awakinta. Kullum tunanina, in ta faɗi yau, da me zan ɗauki yaran nan? Sai wani ma'aikacin asirans, wato inshora, ya zo lakwal ɗinmu, bakinsa kamar zuma. Ya ce in na yi wa tsohuwa inshorar rai, za a riƙa cire kaɗan a albashina, ranar da ta cika a ba ni abin riƙon yaran. Na daɗe ina juya maganar. Na san in na tambayi Inna cewa za ta yi ba a ciniki da mutuwa, shi ya sa ban tambaye ta ba. Na je ƙauye na ɗauki hotonta, na dangwala yatsanta a takarda, na ce ta karɓar magani ce. Har albarka ta sa mini.

Ashe mutumin kasuwanni yake bi. Ranar kasuwar garinmu ya tara mutane yana kafa misali da ni, wai ga ɗiyar wance mai ilimi ta yi, ranar da uwarta ta mutu kuɗi za ta karɓa. Kun san ƙauye. Hoto, yatsa, ga kuɗi ranar mutuwa. Kafin la'asar an gama cewa na kai sunan uwata wurin masu shan jini. Bayan girbi kuma hawan jini ya kayar da Inna.

Na zo a guje, ta juya fuskarta ga bango. Na dama mata hura, ta datse baki, kawuna ya karɓe ƙwaryar ya zubar bayan darni. Na kawo mota a kai ta likita a Tawa, ta ce in kwananta ya ƙare ya iske ta a ɗakinta, ba inda na yi alkawarin kai ta ba. Wallahi na yi kuka har muryata ta dushe. Na durƙusa, na rantse, na roƙi liman ya zo ya yi mata bayani. Ta ce ta ji, amma abu ɗaya take so ta sani: takardar nan ta magani ce ko ba ta magani ba? Na ce ba ta magani ba ce. Ta sake juya fuskarta ga bango.

Na koma Tawa kamar mahaukaciya na sa aka soke abin, na karɓo hotonta don in nuna mata. A tasha waya ta iske ni. Kawu ya ce Inna ta rasu, kafin ta cika ta yafe mini, amma ta bar wasiyya a ba shi yaran, kada a ba ni.

Ban ce inshora laifi ce ba, ban ce dole ce ba, wannan ku tambayi masana. Abin da na koya shi ne, ran tsohonka nasa ne. In za ku yi, ku zauna da shi ku faɗa masa gaskiya a gaban 'yan'uwa, in ya ƙi ku bari. Ni don marayun nan na yi wa uwata ƙarya. Yau in na je ƙauye da tsaraba, ƙaramarsu ba ta karɓa daga hannuna, sai na ajiye a ƙasa na matsa.