Telan da Na Hana Mutuwa

Baba ya rasu kwana shida bayan ruwan shuka. Ya dawo daga gona da ƙwaryar iri a hannu, ya ce ƙirjinsa na yi masa nauyi, kafin a ɗaura wa jaki amalanke a kai shi likita har Allah ya yi ikonsa. Ni a lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Korgom, ana gab da ba da bakansi, dogon hutun damina, sai direktanmu ya ce in tafi, zai riƙe mini ajina sauran kwanakin. Na tattara 'yan kayana na koma Maijirgi. Ni ce auta, kuma ni kaɗai ce ba ni da miji da 'ya'yan da za su ja ni gida, don haka ba a ma yi shawara ba aka ce ni zan zauna da Inna har ta fita takaba.

Wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne ga mace irin Inna, wadda tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta zaune hannu sake ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, ta ajiye kwalli da turare, ta cire 'yan kunne, tsofaffi suka ba ta 'yar wuƙa suka ce kada ta rabu da ita. Iyakarta tsakar gida. Daminar nan kaf ba ta ga gona ba, sai dai in na dawo ta tambaye ni inda hatsi ya kai, in nuna mata a jikina: yau idon sawu, gobe gwiwa. Ba ta kuka a gaban mutane. Abincin ne dai ba ta ci, kuma sai ta yi wuni guda ba ta ce uffan ba.

Akwai wani wasa da ake nunawa a tele wanda Inna ke mutuwar so. Maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ɗanta ya aiko mata da tele da faifan nan mai shan rana, to duk Asabar bayan la'asar, lokacin da ake maimaita wasan, matan unguwa sai su cika rumfarta. Labarin gidan wani tsohon tela ne a birni: 'ya'yansa maza biyu na rigima kan shagonsa, 'yarsa kuma ta nace sai ta yi karatun likita. Mu duk don samarin da 'yan matan muke kallo. Inna kuwa don tela da matarsa take zuwa. Tsohon yana da wata ɗabi'a, in zai tsokani matar sai ya tura hula ƙeya ya ce “ke wannan”, kuma haka Baba yake yi, ba bambanci ko kaɗan. Baba kan ce wasan ƙarya ne na marasa aikin yi, amma in an zauna cin tuwo shi ne zai fara tambaya yadda telan namu ya kwana.

Bayan sadakar arba'in, wata Asabar kiɗan buɗe wasan ya tsallako katanga. Ina tsince ganyen tafasa, na ga Inna ta karkata kai wajen da sautin ke fitowa. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Auta, tahi ki gano mini mi anka yi.”

Daga ranar na zama telen Inna. In an tashi sai in dawo in zauna a bakin ƙofarta in kwashe mata komai, har da muryoyi. Aikin malanta ya yi mini rana, don wadda ta saba riƙe hankalin yara aji guda ba za ta kasa riƙe na tsohuwa ɗaya ba. Nakan ɗora murfin kwano a ka in tura shi ƙeya in kwaikwayi tela. Ranar da na fara yin haka ta ce ba ni da kunya, amma ta shanye furar da ke gabanta.

Asabar ta uku sai masu wasan suka yi mini ɗanyen aiki. Tela na kan kekensa yana ɗinka rigar sallar jikarsa, ya dafe ƙirji, ya kifa kai a kan ƙyallen. Matar ta shigo da shayi tana yi masa faɗan ya bar shi zai huce. Kafin a gama kashin ranar har an fito da shi a makara. Har yau ina jin haushin wanda ya rubuta wannan wuri. Duk cututtukan da ke duniya bai samu wadda zai ba tsohon nan ba sai ciwon ƙirji. Na tashi daga rumfar, kuma tsakanin ƙofar maƙwabciya da tamu taku goma ne, bai isa mutum ya yi tunani ba.

Inna ta tambaye ni labarin tela. Na buɗe baki na ji na ce ya ɗan yi rashin lafiya, an kai shi asibiti, amma ya ji sauƙi. Ta ce alhamdu lillahi, ta shafa fuska.

Washegari na bi matan unguwa gida-gida ina roƙon su rufa mini asiri. Maƙwabciya ta ce ba ruwanta, amma ta yarda. Wata gwaggonmu mai bakin da ba ya riƙe ruwa, ita sai da na yi mata alkawarin turmin atamfa in na je Tasawa. In sun shigo gaida Inna ta ɗauko zancen wasan, sai ka ga manyan mata suna kallon rufin ɗaki suna cewa ai Madam, wato ni, ta fi su iya ba da labari.

To tunda na tashe shi daga gadon asibiti, dole in nema masa abin yi. Duk mako nakan wuni ina saƙa labarinsa, a bakin rijiya, a hanyar gona, a gindin murhu. Na sa likita ya ce ya huta da ɗinki, sai ya ɗauki matarsa suka shiga jirgin ƙasa zuwa garinsu, inda rabonta da shi tun tana amarya. Ni ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, amma na sa shi ya ratsa wata ƙasa mai korama da itatuwan mangwaro, ruwa na sauka a kan tagogi, su biyu suna cin dafaffiyar gyaɗa a cikin hularsa. Na kai su bakin wani kogi mai faɗi, suka shiga kwalekwale, matar na salati shi yana yi mata dariya. Na sa ya saya mata zane ruwan ƙwai, ya ce tsufa bai hana ta kyau ba. Sau da yawa ina cikin faɗa hadari zai taso, tsakar gida ta yi duhu-duhu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ɗakin, Inna ta lumshe ido ta jingina da bango, ni kaina sai in manta a ina muke.

Ba ta barin kuskure ya wuce. Ranar da na ce tela ya durƙusa ya ba matarsa haƙuri, ta buɗe ido ta ce a'a, namiji irin wannan ba ya ba da haƙuri da baki, sai dai ya sayo tsire ya ajiye ya yi kamar ba shi ba, lalle ban kalla da kyau ba. Na ce haka ne, na tuna, tsire ne. Ta fara cin abinci, ta fara yi mini faɗan gishiri a miya, har wata rana na ji ta tana dariya ita kaɗai tana maimaita zancen kwalekwale.

A rumfar maƙwabciya kuwa wasan gaskiya na tafiya yadda yake tafiya. An rufe keken ɗinki da tsohon zane. 'Ya'yan na ta cacar baki a kan shago. Kowane kashi sai an nuno matar tela zaune a kan tabarma cikin farin mayafi, ba kwalli, ba 'yan kunne, tana jan carbi. In aka nuno ta nakan sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara ɗankwali.

Na san ranar tonon asiri na zuwa, amma na riƙa ture tunanin. Sai da hatsi ya nuna aka fara girbi, aka sanar a tele cewa Asabar mai zuwa za a nuna kashin ƙarshe na wannan zango. Na lissafa da yatsu, na ga Inna za ta fita takaba ranar Alhamis. Ta riga ni lissafawa. Ta ce Allah ya yi za ta ga dawowarsu daga tafiya da idonta, tana so ta ga zanen nan ruwan ƙwai.

Makon nan na roƙi Allah hadari mai kauri wanda zai hana batirin telen cika, amma sama ta yi tas, ko gajimare babu. Na yi tunanin zare waya a bayan telen. Sau biyu na zauna gabanta da niyyar faɗin gaskiya, sai in ga yadda kumatunta suka ciko, in ɓuge da tambayar ko in dama mata kunu.

Ranar Alhamis ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta ɗaura sabon zane, ta sa kwalli. Aka raba gumba sadaka. Da muka fita yi wa mutane ban-gajiya, ta tsaya a ƙofar gida tana kallon amalanke na wucewa da dammunan hatsi. Rabonta da waje tun ƙasa na tsirara, ga shi har an yi damina an gama ba da ita ba. Ta zari zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu ta shinshina.

Ranar Asabar ita ta riga kowa zuwa rumfar. Aka ba ta tabarmar gaba. Mata na shigowa suna gaishe ta suna satar kallona, gwaggo kuwa ta ce ciwon kai take yi ta koma can baya. Na zauna a gefen Inna.

Abin da aka fara nunawa hoton tela ne rataye a bango, sai keken a rufe, sai matar a kan tabarma. Babban ɗansu ya shigo ya ce mata gobe kwanakinta ke cika. Na ji numfashin Inna ya tsaya, sannan ya dawo a hankali. Ba ta dube ni ba. Aka yi ta rigimar shago, mai saye ya zo ya tafi ba a daidaita ba, 'yar ta karɓi takardar makaranta ta ƙi buɗewa. Ni ban fahimci rabin abin ba, gefen fuskar Inna kawai nake kallo. A ƙarshe aka nuno matar ta yi wanka, ta ɗauki kwalli ta sa, ta ja sakatar ƙofar gida. Haske ya faɗo mata a fuska. Wata mai wucewa ta tambaye ta ina za ta, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta tsaya a nan a bakin ƙofa, kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa.

Rumfar ta kaure da mita. Wannan na cewa an raina musu hankali, an sayar da shagon ko ba a sayar ba, waccan na cewa ko takardar ai sai a buɗe musu kafin a sa su jiran wata da watanni. Inna ta miƙe ta yi wa maƙwabciya godiya, ta sa takalmi. Maimakon ta shiga gida sai ta miƙe hanyar bayan gari, na bi ta a baya. Rana ta yi sanyi, an jera dammuna a bakin rumbuna, tantabaru na sauka suna tashi. Da muka yi nisa sai ta tambaye ni zancen tela.

“Tun yaushe ya rasu?”

Na ce tun Asabar ta uku da na fara kawo mata labari. Na shiga ba da haƙuri, ina cewa tsoro na ji kada abin ya fama mata ciwo, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Wa ya zamna da ita?”

Na ce babu kowa, 'ya'yan na can wajen rigimarsu, abinci ma wata maƙwabciya ke miƙo mata.

Ta tsaya ta juyo. Ban ga fushi a fuskarta ba, da ma shi na gani da ya fi mini sauƙi.

“Ashe duk kwanakin ga ina zamne tana zamne, katanga guda tsakaninmu, ba ki hwaɗa mini ba. Ni ina da ke, Auta. Ita ba ta da kowa, kuma kinka hana ta ni. Ko addu'a da na sa ta ciki.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Duk wayon da nake ji da shi, ban taɓa kawo wa raina cewa abin da Inna ke bukata a ɗakin nan 'yar'uwar zama ce ba. Na kuma gane, ina tsaye a wurin, cewa jirgin ƙasan da kogin ba don ita kaɗai na ƙirƙiro su ba, ni ce ban iya faɗin wancan labarin da bakina ba.

Ta samu wani kututture ta zauna, ta nuna mini ƙasa a gabanta, ta ce in fara daga ranar, na gaskiyar, kada in tsallake komai. Na zauna na fara. Na faɗi rigar sallar, na faɗi shayin, na faɗi yadda ya dafe ƙirji. Da na zo wurin makara sai na ji bakina ya ce “sai aka fito da Baba”. Inna ba ta gyara mini ba. Ta ɗora hannu a kaina ta ce in ci gaba.