A Kai Wa Mumuni

Duk wanda ya san Kawu Seidu, mai doya na kasuwar Salaga, ya san ba a nuna masa sabon abu. Ka miƙa masa waya ko rediyo ka ce yanzu ta fito, sai ya maida hannunsa baya kamar garwashi ka miƙo. "Sabon fitowa ne? A kai wa Mumuni."

Alhaji Mumuni amininsa ne tun suna samari, a Yendi yake zaune, kuma Allah ya yi shi da son sabon abu. Dokar Kawu ita ce Mumuni ya fara saye, abin ya ci damina guda a hannunsa, ya sha zafi, ya sha ɗauke wuta da kawo wuta. In ya rayu, sai Kawu ya jira fitowa ta biyu ya saya. "Na farko ba su gama shi ba," in ji shi. "Gajiya suka yi suka sa a kwali."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, na sha raka shi Yendi. Mu sha jijjiga a mota, mu iso, ya yi sallama, ko zama bai yi ba sai ka ji: "Mumuni, yaya jikin firij?"

"Seidu, iyali fa? Ba ka tambaye su ba."

"Iyali tsohon yayi ne, na san suna aiki."

Akwai shekarar da Mumuni ya sayi wata waya mai talabijin a ciki, da eriya doguwa. Batirinta ya kumbura a aljihunsa yana sahun Juma'a, har murfin ya yi tsalle. Da labari ya iso Salaga, Kawu ya ɗaure doya ya tafi jaje. Ya zauna ya sunkuyar da kai kamar a gidan makoki.

"Ta daɗe?"

"Ko azumi ba ta kai ba."

"Yarinya ce ƙarama ƙwarai. Allah ya ba ka haƙuri."

Mumuni ya jefe shi da murfin. Wayar Kawu kuwa, lambobinta sun goge, roba ce ta riƙe ta, amma ya kan ɗaga ta yana nuna wa mutane kamar lambar yabo.

Bayan na yi aure Bawku, inda mijina ke da shagon wayoyi, ciwo ya kwantar da Alhaji Mumuni. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya karanta Alƙur'ani a takarda, sai a wani tsohon tabilet inda ake ƙara girman rubutu. Amma da ya ja shafi sai rubutun ya riƙa rawa, jiri ya ɗebe shi. Ya ajiye karatu, ga azumi ya ƙarato, shi kuma bai taɓa barin Ramadan ya wuce bai yi sauka ba. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Wata safiya Kawu ya kira ni. "Ramatu, tabilet ɗin nan da mijinki ke zugawa, wanda rubutu ke tafiya sumul ba ya rawa, akwai shi?"

"Akwai, Kawu. Amma makon nan ya fito. Ba wanda ya gwada shi."

Ya ce, "Na sani. Aiko."

Wallahi sai da na zauna. Amma kun san Kawu, bai kai shi Yendi kai tsaye ba. Wai ba zai ba mara lafiya abin da ba a gwada ba. Ya shanya shi a rana kan tarin doya. Ya ajiye shi kusa da tukunyar da ke tururi. In aka ɗauke wuta ya bar shi a jone, yana jiran ta dawo da ƙarfi. Matarsa ta ce, "Maigida, damina guda kake son yi masa cikin mako?"

"Mumuni ba shi da damina," in ji Kawu.

Na same su a Yendi ranar da ya kai shi. Ya ajiye a kan cinyar amininsa yana ɓata rai. "Yana zafi kamar ƙosai. Ga wani layi kore ya fito a gefe. Kayan banza ne, na faɗa. Amma ja ka gani."

Mumuni ya ɗora yatsa ya ja, ayoyin suka tafi a hankali ba rawa. Ya karanta layi biyu, hawaye suka zubo, sannan ya fashe da dariya har da tari. "Seidu, yau kai ka gwada mini?"

"In ka faɗa wa mutanen Salaga, ba ni ba kai."

Ya yi saukarsa a azumin nan. Bayan Sallah da 'yan kwanaki ya rasu. Da aka dawo daga maƙabarta Kawu ya zauna a ƙofar gida, idonsa jawur, ya ce da ni, "Kin gani ko? Har wannan sai da ya riga ni."

Damina guda ya ba shi, kamar yadda ya saba. Ruwa na ɗaukewa Kawu ya bi shi.

Tabilet ɗin yana wurina, da layinsa kore, kuma har yau yana aiki. Na so a ce Kawu yana nan in tsokane shi. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan su duka biyun, ya haskaka makwancinsu, ya haɗa su a gidan da ba abin da ke lalacewa.