Langar Madam

Ni ba mai yawo ba ce. An kawo ni Magarya daga Kwaya ina amarya, kuma in ka ɗebe biki da gaisuwar mutuwa, rayuwata duk tsakanin murhu da turmi na yi ta. Amma zana ba ta tare magana. Abin da aka yi a garin nan zamanin Anasara, rabi maigida ya kawo mini a baki, rabi kunnena ya tsinto.

Maigidana magini ne. Mutum ne mai faɗa a baki, mai sanyi a ciki. Zana ɗaya ta raba mu da maƙwabtanmu, mutanen Dahome. Mijin komi ne, wato mai rubutu a biron kumandan, ofishin Anasaran da ke mulkin garin, kullum cikin farin wando da takalmi sau ciki. Matar kuwa duk unguwa Madam muke ce mata. Doguwa ce, in ta yi dariya har kajina sai sun watse. Hausarta a karkace take, ta kira namiji "ke", ta kira ni "kai", amma in ciniki ne ba mai cutarta.

Ciyayya muke yi da ita. Yadda abin ya fara ma ban iya tunawa, na dai san akwai wani gurbi a zanar inda akuya ta cinye, ta nan muke miƙa wa juna. In na sauke tuwon hatsi da miyar kuka, sai in zuba mata a akushi. Ita kuma ta miƙo langarta, fara mai murfi, da tuwon masara da wata jar miya ta manja da busasshen kifi. Barkonon miyar nan, wallahi sai ka ji kunnenka na hayaƙi. Maigida yana ci yana share hawaye yana cewa, "Mutanen nan ba su tsoron Allah," yana kuma ƙara loma. Wurin mahaucinmu take sayen nama, don kada mu yi ƙyanƙyami. Da azumi kuwa, ita da ba ta yi, sai ta jinkirta girkinta ya dace da shan ruwa.

Dokar ciyayya ɗaya ce, kowace mace ta san ta: kwanon da ya shigo gidanka da abinci ba ya komawa wofi. Ko ƙuli-ƙuli ne sai ka jefa a ciki. In ka mayar da shi haka nan, ka faɗa wa duniya ɗaya cikin biyu, ko rumbunka ya ƙare, ko ka yanke zumunci.

To sai siyasa ta shigo gari.

Maigida ya daɗe da ciwon Anasara a zuciya. Yana saurayi an kama shi aikin tilas, ya ɗauki dutse a ka a hanyar Damagaram har gashin tsakiyar kansa bai sake tsirowa ba. Amma ba wannan ya fi ci masa rai ba. Wata rana yana ginin katanga a gidan wani Anasara, rana ta take, ya roƙi ruwa. Matar gidan ta sa aka ɗebo masa a gwangwanin da karensu ke sha. Ya ce karen na kwance yana kallonsa, kamar mai cewa wannan ai nawa ne. Yakan ba da labarin yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido.

Shi ya sa da jam'iyya ta farko ta zo, ta ce baƙar fata ma mutum ne, maigida ya ba ta jiki da jini. Shi ne ɗaukar benci, shi ne kafa rumfa, har gardi, wato dogarin kumandan, ya taɓa zuba masa bulala a wurin taro. Mutumin da jam'iyyar ta tsayar ya ci zaɓe. Da ya dawo gari cikin mota, maigida ya sa rigarsa ta salla, ya kutsa cikin jama'a, ya miƙa hannu biyu. Mutumin ya ba shi kan yatsu, idonsa na wajen kumandan, suna ta Faransanci suna dariya. Lanho kuwa, harajin nan na kai, yana nan inda yake. Ranar maigida ya dawo ya cire rigar, ya ninke, ya ce, "Mun yi wa wani sassabe." Ya yi rantsuwa ba shi ba siyasa.

Rantsuwar ba ta yi nisa ba. Wata ranar kasuwa wani ɗan sabuwar jam'iyya ya hau bayan kamyo, wato babbar motar kaya, da babbar riga irin tamu, ya yi magana da Hausa tsantsa. Maigida ya dawo ya maimaita mini har da yadda mutumin ke ɗaga hannu.

"Ya ce Anasara na bisa doki, ɗan Dahome na riƙe masa linzami, kai kuma talaka kai ne ƙasar da suke takawa! Ya ce ku leƙa biro, ku leƙa kanti, ku leƙa gidan waya, wa ke bisa kujera? Ɗanku ne?"

Na ce, "To shi in ya hau me zai yi?"

"Ke ba ki gane ba. Da ya sauko, ni ya nufo. Ya tambaye ni sana'ata. Ya tambaye ni garin ubana. Ludayi ɗaya muka sha fura da shi, bai ko goge bakin ludayin ba."

Nan na san an gama da shi. Maigida bai taɓa iya faɗa mini abin da jam'iyyar nan za ta yi da lanho ko da kuɗin gyaɗa ba. Ludayin nan ya saye shi. Kuma ba shi kaɗai ba, duk masu ɗaukar bencin da aka manta da su can suka koma.

Duk da haka langar Madam ta ci gaba da shigowa, yana ci. Sai ranar da ya tafi biro neman aikin wani gini da aka ce za a yi. Ya hangi maƙwabcinmu ta taga, ya ji daɗi, ya matsa ya gaishe shi. Komi ya ɗago kai ya daka masa tsawa da Faransanci, ya nuna masa ƙarshen layi, kamar bai taɓa ganinsa ba. A gaban mutane.

Maigida ya shigo gida ko sallama babu. Langar na ajiye a ƙofar ɗaki, na riga na juye abincin rana na wanke ta.

"Daga yau," ya ce, "ko ƙwayar hatsina kada ta sake tsallake zanar nan."

"To Malam. Langar fa?"

"Mayar mata."

"Wofi?"

Na ƙara da cewa, "Ni dai ba zan miƙa ba. Gobe a rijiya a ce gidan magini an kasa cika langa. In kai za ka kai, ga ta nan."

"Ni in ɗauki kwanon mata in bi titi? Ajiye ta!"

Haka langa ta zauna a ɗakina, bisa jeren kwanonina, fara fes a cikin baƙaƙen akusa. Akushina kuma yana wajenta. Maigida ya samo kara ya toshe gurbin zanar. Ina jin Madam tana daka, tana jin ina daka. Da farko takan kira, "Ƙawa! Kai lafiya?" In amsa a hankali, "Lafiya lau." Daga baya ta daina kira. Dariyarta ma na daina ji, kuma wannan ya fi komai damuna, don gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa. Ni da ba ni fita, ita ce kasuwata, ita ce dandalina. Ƴan uwana suna Kwaya. In na rasa ta, wa ya rage mini?

Shi ma maigida abin bai bar shi ba. Duk shigowarsa sai idonsa ya faɗa kan langar. "Kayan mutane a ɗakina," yana gunaguni, "sai ka ce ɓarawo." In ce, "A cika a mayar?" Ya ce a'a. In ce, "A mayar wofi?" Ya ce in rufe masa baki. Na kuma lura ya fara cewa miyata ba ta da yaji, ni da hannuna bai sake ba.

Ana cikin haka zaɓe ya matso. Samarin jam'iyyarsu suka fara waƙa in sun wuce ƙofar komi, waƙar baƙo ya koma gidan ubansa. Maigida ba ya yi da su, amma bai hana ba.

Wata Lahadi bayan la'asar, yana zaune bisa tabarma a ƙofar gida, sai na ji sallama. Muryar komi ce. Na ajiye tankaɗe na matsa jikin zana. Hausarsa ta fi ta matarsa karkacewa, amma zan miƙe ta a nan.

"Maigida, na zo karɓar kwanon matata. Ta uwarta ce, da ita ta zo daga gida."

Maigida ya ce, "Yau ka san ni ke nan?"

"Na san ka."

"A biro fa?"

"A biro kumandan na bayana, ƙofa a buɗe. In ya ga na yi wa wani fara'a, sai ya ce na ci hanci."

"Sai ka yi mini tsawa kamar jaki."

"Na yi. Ban kyauta ba."

Maigida bai zaci haka ba, na san shi, ya shirya faɗa ne. Sai ya ce, "To zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar gardi."

Na ji komi ya cire takalmi ya zauna, ya yi ƴar dariya. "Ka san tun da na fara aiki wurinsa bai taɓa ce mini in zauna ba? In ya kira ni ofis, a tsaye. Furfura gare ni, amma yaro yake ce mini. Kofina ma daban ne, a bayan ƙofa ake rataye shi."

"Kai ma?"

"Ni ma."

"To ai gara kai, naka ba na kare ba ne."

Maigida ya kwashe labarin gwangwani ya ba shi. Suka yi dariya su biyu, irin wadda ba ta da daɗi. Sai komi ya ce, "Mutumin naku na kamyo, ya ce a kore mu."

"Ya ce."

"Za ka jefa masa?"

"Zan jefa masa."

"Ko da ya kore ni?"

Maigida ya ce, "Duk cikinsu shi kaɗai ya tambaye ni sunan garin ubana. Na farko sun ci da guminmu sun share baki. In wannan ma ya ci amana, to na san duk ɗaya ne. Amma sai na gwada." Ya yi kaki ya tofar. "Batun kora kuwa, ai ba kai yake nufi ba."

"Wa yake nufi?"

"Waɗancan. Sauran."

"Sauran ma kowa da maƙwabcinsa, maigida."

"Kai dai ka cika gardama. Shi ya sa ba a ba ka kujera."

Sai ya ɗaga murya. "Ke! Na san kina nan jikin zana, numfashinki har nan. Kawo langar mutane."

Na ce, "Haka nan, Malam?"

"Haka nan kamar yaya? A gidana? Me kika dafa?"

"Ban sauke ba tukuna, sai dambu na rana."

"Zuba. Ki danna shi da kyau, ki sa mai."

Na cika ta har murfin ya ƙi zama. Komi ya karɓa da hannu biyu, ya bi titi da ita, farin wando da komai, yara na kallo.

Da maigida ya shigo na ce, "To ai akushina na wajenta. In ta miƙo shi cike fa?"

"Wannan kuma ba ni na aika ba."

Ya je ya tsaya gaban karan da ya toshe gurbin da shi, ya ce wanda ya yi wannan aiki bai iya ba, iska ma sai ta ture shi. Ya sa ƙafa ya taimaki iskar.

Ranar zaɓe ya sa rigarsa ta salla, ya je ya jefa wa mutumin kamyo, ya dawo yana ta cika baki cewa ƙasa ta kusa komawa hannun masu ita. Bai gama zama ba sai ga murya ta gurbin zana.

"Ƙawa! Kai zo karɓa, hannuna na ƙuna!"