Hosea Damina da Gyaɗar Goggo Sabuwa

A unguwar Luggere da ke Jimeta, idan ka tambayi gidan Hosea kafinta, za a ce maka kafintoci suna da yawa. Amma ka ce Hosea Damina, nan take za a nuna maka ƙofa mai shuɗin fenti da dogon tsani jingine a katanga.

Mutumin Numan ne, ya zo Jimeta yana saurayi ya koyi bugun kwano. Sana'arsa ta sauya a 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka kwararo Yola. Kusan kowane gida ya ƙara ɗaki cikin gaggawa, da tsohon kwano da tsohuwar ƙusa. Da damina ta zagayo, ɗakunan suka zama rariya. Hosea ya lura ba a neman kafinta sai katifa ta jiƙe, sai ya koma duba rufi tun kafin hadari ya haɗu.

Ga yadda yake aikinsa. Yakan zo da rani, tare da mai ruwa da kurarsa. Ya hau rufi da bokitin da ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ya riƙa yayyafi layi-layi. Maigidan kuwa dole ya kwanta rigingine a kan tabarma a cikin ɗaki, inda ya ga ɗigo ya yi ihu.

"In na ce wa mutum rufinsa na yoyo, sai ya ce aiki nake nema," in ji Hosea. "Amma ɗigo ɗaya a goshi ba ya bukatar shaida."

Matarsa Fibi ta ce mijinta ne kaɗai a Adamawa ke kwantar da manyan mutane a ƙasa da rana tsaka, su tashi suna godiya.

Bara, cikin zafin Maris, Malam Hayatu, wani ɗan kasuwa a unguwar Wuro Hausa cikin garin Yola, ya kira shi. Ya shimfiɗa tabarma a falo ya kwanta, Hosea ya hau sama. Abin da maigidan ya manta shi ne bai gaya wa Goggo Sabuwa ba.

Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, tsohuwa mai yanar ido, ɗakinta na jikin falon. Ranar da ta gudo daga Mubi, abin da ta iya ɗauka kawai shi ne ƙullin jar gyaɗa irin gonar mahaifiyarta. Tun daga nan take shuka ta a bayan ɗakinta da ruwan farko, ta ajiye iri. A daminar da ta gabaci zuwan Hosea awaki suka shiga, abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba.

Tana barcin bayan azahar ta ji yayyafi a kan kwano. Ta miƙa hannu ta taga, ruwa ya taɓa ta. Ta lallaba bayan ɗaki, ta tarar ƙasa ta jiƙe da ruwan da ke gangarowa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwance ƙulli, ta yi bisimilla, ta shuke shi tas.

Hayatu ya fito da goshi a jiƙe, ya same ta tana kakkaɓe hannu.

"Goggo, me kike yi a rana haka?"

"Wace rana? Kai kana kwance kamar gawa, Allah ya buɗe damina."

"Goggo, ba damina ba ce. Hosea ne."

"Wane ne Hosea?"

Daga sama aka ce, da kiran da ake yi wa uwa da Fulatanci, "Ni ne, Dada. Sannu da gida."

Goggo ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon inuwar mutum riƙe da bokiti. Ta sa aka sauko da shi, ta bayyana masa cewa gyaɗar da ta sha ruwa ba ta komawa ƙulli. Ko ta tsira ko ta ruɓe, kuma in ta ruɓe, irin mahaifiyarta ya ƙare a duniya.

"Ɗana, wa ya fara daminar nan?"

"Ni ne, Dada."

"To, wanda ya fara shi zai ƙarasa."

Hosea ya ce abu mai sauƙi ne, a riƙa ban ruwa da buta. Goggo ta ce sam. Gyaɗar nan ba 'yar lambu ba ce, ba ta san buta ba. Ta sama aka yaudare ta, ta sama za a ci gaba, kada ta gane.

Haka Hosea ya koma tsallako gari daga Jimeta da la'asar, duk bayan kwana biyu ko uku ya zo, ya hau rufin tsohuwa ya yi yayyafi. Tana zaune a ƙofa tana ba da umarni. "Ka rage, yau ba mamako ba ne." Wata rana ta ce ba ta ji tsawa ba, sai ya doki kwano da ƙafa. Maƙwabta suka daina dariya suka fara turo tukwanen albasarsu ƙarƙashin rufin. Fibi ta riƙa tarbarsa da, "Baban Debbie, yaya hadari?"

Hawa da saukar bai tafi a banza ba. Ya gano ƙusoshin da suka saki, da inda gara ta ci katako a kusurwa, duk aka gyara. Ruwan gaskiya ya sauka a farkon Mayu da iska mai ƙarfi, ɗakin Goggo ko ɗigo bai yi ba. A lokacin gyaɗarta ta riga ta yi fure.

Ta cire ta tun gonakin mutane ba su rufe ƙasa ba. Ta ware iri cikin ƙwarya guda, ta dafa sauran ta aika Luggere, tare da saƙo ta bakin Hayatu: ruwan Hosea ya fi zuwa kan lokaci, saboda haka baɗi ma tana jiransa a Maris.

Da Maris ɗin bana ya zagayo, ya je. Ya ce a tambayi duk wanda ya taɓa musu da Goggo ko ya ci riba.