Yadda Na Mai Da Babana Maharbin Damisa

Edita, ina yi maka sallama daga Barking, ina kuma roƙo ka ɓoye sunana, don Hausawan garin nan ba su da yawa, kuma labari a tsakaninsu ya fi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sauri. Abin nan ya faru shekara uku da suka wuce, ina 'yar shekara goma sha uku, siririya kamar sillen kara, baki kuwa sai ka ce rediyon da makashinsa ya lalace. Shekararmu ɗaya ke nan a Landan, bayan an yi wa Babana canjin aiki zuwa wani ofis kusa da Charing Cross, inda yake duba takardun ɗalibai tun safe har yamma. A ajinmu ni kaɗai ce baƙar fata. Da wuri na lura cewa in na faɗi gaskiya game da Kano ba mai juyowa, amma in na ƙara gishiri sai a kewaye ni kamar mai tallan alewa. Ni kuwa gishirina da buhu nake zuba shi.

Lokacin kuɗin fetur ya fara ambaliya a gida, kowane wata muna da baƙi masu zuwa sayayya. A cikinsu har da Kawu, yayan Ummana, ɗan kwangila, mutumin da in ya shiga kanti sai masu kanti sun raka shi har titi da addu'a. A wani shagon tsofaffin kaya ya sayo fatar damisar Indiya, irin mai ratsin baƙi a kan ja, cikakkiya, da kanta da haƙoranta da idanun gilashi. Ranar tafiyarsa aka yi ta dannawa ta ƙi shiga akwati, sai ya ce ya bar mana. Umma ta shimfiɗa ta a falo, kuma duk lokacin da za ta yi salla sai ta rufe mata fuska da ɗankwali, wai ba za ta yi sujada wani abu na zare mata ido ba.

Washegari na je makaranta na ce Babana ne ya kashe ta. Na ce da mashi ya soke ta, da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da kofin shayinsa, kuma ko ɗigo bai zube ba. Edita, wannan Baban nawa da nake gaya maka, in ɓera ya shigo kicin Umma yake ƙwala wa kira. Amma wa ya sani? Na zama sarauniyar aji. Ana ba ni cakulan don in sake ba da labarin, kullum kuma damisar tana ƙara girma, har ta kusa kai bas mai hawa biyu.

Ana nan sai aka kawo mana sabuwar malamar kimiyya, doguwa, mai sanyin murya da saurin hawaye. Wata rana ta shigo da hotunan damisa, ta ce irinsu na neman ƙarewa a duniya, ana sare dazukansu, ana harbe su don masu kuɗi su shimfiɗa fatunsu a falo. Ta ce za ta kafa ƙungiyar ceton damisa a makaranta, za a yi tattakin tara kuɗi don a taimaka wa masu gadinsu a Indiya. Tana rufe baki ajin gaba ɗaya ya juyo ya kalle ni. Wata mai jan gashi, wadda ta fi kowa ba ni cakulan, ta ɗaga hannu ta ce ai baban wance ma ya kashe ɗaya. Malama ta yi murmushi ta ce ba zai yiwu ba, ai babu irin wannan damisa a Nijeriya. Ka ga ƙofa Allah ya buɗe mini a nan, in fita salin-alin. Maimakon haka na miƙe na ce ai Indiya yake zuwa duk hutu. Fuskar Malama ta canza. Ta ce tana so ta zo gidanmu ta roƙi mahaifina ya daina.

Na zaɓar mata Alhamis da ƙarfe huɗu, lokacin da na tabbata Baba yana ofis. Umma kuwa Turancinta bai wuce na godiya da na tambayar farashi ba, don haka ni ce tafinta. Ta tarbi baƙuwa da shayi da cincin da dambun naman da take ɓoyewa don manyan baƙi. Malama na ganin fatar ta durƙusa tana shafa ta, hawaye na zuba, tana cewa dubi wannan halitta, ina dalilin kashe ta. Umma ta zungure ni ta ce ke, me baƙuwar take cewa? Na ce cewa take tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin shimfiɗa mai kyan wannan ba. Abin da na manta shi ne halin Ummana. Ta dafa ƙirji ta ce Allah sarki, baƙo ya yaba abu har da hawaye a gidanta kuma a bar shi ya fita hannu sake? Ai sai a yi da ita har Kano. Kafin in ƙifta ido ta naɗe damisar kamar tabarma, ta ɗaure da igiyar shanya, ta ɗora wa Malama a hannu.

Malama ta dube ni tana neman bayani. Bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya ce Umma ta ce Baba ya tuba, ya karya mashinsa, ga fatar nan a kai makaranta ta zama darasi. Malama ta rungume Umma tana kuka. Umma tana bubbuga bayanta tana ce mini baturiyar nan akwai son abin duniya, amma dai tana da kirki. Muka yi mata rakiya har tashar jirgin ƙasa, kan damisa na leƙowa ta ƙarƙashin hammatarta. Ba ƙari nake ba, jirgin a cike yake, amma tana shiga aka bar mata kujera uku. Da Baba ya dawo Umma ta ce ta yi kyauta da shimfiɗar, ya ce madalla, dama kullum sai ya yi tuntuɓe da kanta. Na ce a raina na sha.

Ashe ban sha ba. Ranar wata Asabar da safe wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, daga shugaban makaranta, yana gayyatar Baba ya zo assembly, wato taron safe na makaranta, ya yi wa ɗalibai jawabi a matsayin tsohon maharbin da ya tuba. Baba ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun da aka haife ni Uwata yake kirana, ko laifi na yi. Ran nan sai ya ce ke, zo nan. Ya tambaye ni ina na ajiye karyayyen mashin, don ya tafi da shi ya nuna musu. Na fashe da kuka na zayyana komai. Umma ta fara dariya har tana riƙe ciki, sai da ta gane nata rabon, ta ce wato ita na mai da sakarai a gaban baƙuwa, da dambunta da komai. Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya ce mutum ba shi da abin da ya kawo ƙasar mutane sai sunansa, ni kuma na ɗauki nasa na saya cakulan da shi. Ya ce zai amsa gayyatar. Mako guda cur ba Uwata, sai ke.

Ranar assembly ya sa babbar riga a kan suwaita, ya kafa hula, ya hau dandamali. Ga fatar a shimfiɗe a kan tebur, ga makaranta gaba ɗaya ta yi tsit tana kallon maharbi. Ya gaishe su da Turancinsa na ofis, ya ce shi dai bai taɓa ganin damisa mai rai ba, mafi girman abin da ya taɓa kashewa sauro ne, shi ma sai da ya kuskure sau biyu, amma 'yarsa tana wurin lokacin farautar, bari ta zo ta yi bayani. Na hau na faɗi gaskiya, tun daga akwatin Kawu har zuwa igiyar shanya. Da na kai wurin da Umma ta ɗauka kukan Malama na sha'awa ne, ɗakin ya ɓarke da dariya, shugaban makaranta har yana share ido. Malama ta yi jawur, sannan ita ma ta tuntsire.

Sai Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce wanda ya harbe wannan dabba ba mu san shi ba, amma mun san waɗanda suka saye ta suka yi ta taka ta da silifa, mu ne. Ya ce maharbi ba ya shan wahalar daji sai ya san akwai mai saye, saboda haka shi ma yana da tuban da zai yi, a sa sunansa a cikin masu tattaki. Tafin da aka yi masa sai da na ji shi a haƙorana.

Asabar ɗin da ta biyo ya ɗauke ni zuwa gidan zoo, mu biyu. Muka tsaya gaban kejin damisa. Tana tafe tana dawowa, kafaɗunta na motsi a ƙarƙashin fatar nan da na saba gani a kwance, ƙafarta ba ta ko ƙara. Ta tsaya ta dube ni da idanu na gaske, ta yi wani gurnani da na ji shi a cikin cikina. Na fi minti goma ban ce uffan ba. Sai na ji Baba ya ce Uwata, yau dai an samu abin da ya rufe miki baki. Na rungume shi a gaban Turawa ina kuka ina dariya, yana cewa in sake shi kada in yamutsa masa riga.

Mun yi tattakin cikin yayyafi, Baba da lema, Umma da fulas ɗin shayi tana raba wa 'ya'yan mutane cincin. Ita da Malama suka ƙulla ƙawance, kuma suka hana ni yi musu tafinta har abada, da hannu suke magana. Da Kawu ya dawo zai sayi wata fatar don sabon gidansa, Umma ta ce Yaya, in dai daga gidana za ka fita sayayyar nan, to ka nemi otal. Dardumar Turkiyya ya saya.

Ga abin da na koya. 'Yan'uwana yara, mu da iyayenmu suke jingina da bakinmu a ƙasar nan, aikin tafinta amana ne, uwa ta ba ka kunnenta da harshenta ne gaba ɗaya, kada ka yi wasa da su. Ƙarya kuma in ka haife ta sai ka yi ta ciyar da ita, tana girma har ta fi ƙarfinka. Ku kuma iyayenmu masu zuwa da kuɗin fetur, ku sayi agogo, ku sayi takalma, ku cika jirgi, amma in kun ga fatar damisa ku wuce. Kowace ɗaya da aka saya, an aika wani ya koma daji da bindiga ke nan. Na ga ta falo, na ga mai numfashi, kuma ko ni da aka sani da ƙari ban iya ƙara wa mai numfashin komai ba.