Daga Dakoro zuwa Maradi a Kan Buhunan Wake

Litinin, Dakoro

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka tashi daga tasha. Kamiyon da maigidana Baba Ilya ke tuƙawa ne, shaƙe da buhunan wake. Shekara goma sha ɗaya ina bin motar nan, ni ke lodi, ni ke ɗauri, amma wannan karo ba don aiki kaɗai na shiga ba. Washegari zan zauna jarrabawar permi, wato lasisin tuƙin manyan motoci, a Maradi.

Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. Matata Hajara ce ta yi wata biyu tana karanta mini littafin kod na dokokin hanya, tana mai da Faransancin Hausa. Babin ɗaurin kaya ya fi ba ni kunya, don abin da nake taƙama da shi ke nan, sai ga shi rabin abin da nake yi littafi ya hana. Kada a ɗaure da sangil, wato bel ɗin ɗaure kaya, mai ƙulli ko wanda ya fara zarewa. A sa wani abu tsakaninsa da kaifin ƙarfe. In an ɗan taɓa tafiya, a tsaya a sake dubawa.

Ranar lodi na tafi ɗaukar hoton takardu, don haka Baba Ilya da kansa ya ɗaure kayan. Da na haska tocila kafin mu tashi, na ga sangil na baya kwance a kan kaifin bodi, ba ko tsumma a ƙarƙashinsa. Na kashe tocilar. Mutumin da ya koya mini riƙe sitiyari, da wane baki zan gyara masa ɗauri?

Hanyar Kornaka

A bariyar fita gari jandarma ya duba takardu, ya ga littafi a cinyata.

"Ɗan lakwal ne ka ɗauko, Baba?"

"Direba ne, gobe in Allah ya yarda," in ji Baba Ilya.

Mun yi kamar kilomita talatin, ƙarfe bakwai saura, muka faɗa wani rami. Na leƙa madubi, na ga tampol ya kumburo ta gefen dama. Gabanmu kuwa amalanken shanu ne jere, mata da yara a kai, za su cin kasuwa, kuma ta gefensu za mu wuce.

"Baba, don Allah mu tsaya."

"Mi ya faru? Fitsari?"

"Kaya nake son dubawa."

Bai dube ni ba. "Ni na ɗaure kayan ga, Laminu."

"Na sani, Baba. Ka yi mini haƙuri, ka tsaya."

Ya taka birki a hankali, ya sauka gefen hanya. Muka zagaya baya. Sangil ɗin ya cinye, saura kamar faɗin yatsa biyu, buhu huɗu sun riga sun zamo sun jingina da tampol. Na biyun ma da na taɓa, sakwaf. Baba Ilya ya tsaya yana kallon amalanken suna nisa.

Awa guda da kwata muka yi. Na sauke buhunan, na sake jera su, na yanka tsohuwar tayar da ke ƙarƙashin kujera na sa a kowane kaifi. A Kornaka muka sha shayi da burodi, dala sittin sittin. Har muka tashi, maganarsa ba ta wuce "bismilla" ba.

Maradi

Mun wuce Tibiri da azahar, muka shiga Maradi ƙarfe biyu da rabi, kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai daga gida. Aka sauke wake. Na sauka gidan ƙanen mahaifiyata, Kawu Sani, aka ba ni tuwon gero da miyar kuka, na kasa cin rabi. Ba jarrabawa ce ta hana ni ba, fuskar Baba Ilya ce.

Talata ƙarfe takwas muka shiga ɗakin jarrabawa, mu da yawa. Tambayoyin alamun hanya sun ba ni wuya, biyu ma na san na faɗi. Da aka zo kan kaya, mai jarrabawa ya nuna mini hoton mota an tula mata lodi a baya, ya ce mene ne laifinta. Na ce nauyi bai rabu a kan tayoyi ba, gaba zai yi sauƙi, sitiyari ya ƙi jin magana. Ya ɗaga kai.

"Ka taɓa loda mota?"

"Shekara sha ɗaya, ranka ya daɗe."

Laraba aka yi ta tuƙi. Da aka kira sunayen waɗanda suka ci, nawa ne na bakwai. Ina fitowa na hango Baba Ilya tsugune a gindin itacen bedi. Ashe tun safe yake nan, ya ƙi lodin garin Tawa da aka ba shi.

Komawa

Alhamis ƙarfe shida muka kamo hanya da siminti. Sai da muka wuce Kornaka ya buɗe baki. Ya saki giyar motar, ya miƙo mini hannunsa na dama.

"Matsa ka ji."

Na kama. Ya yi ƙoƙarin damƙe yatsuna, ya kasa.

"Tun damina yake haka. Ban gaya wa kowa ba, ko uwar ɗiyana. Na ja sangil ɗin nan iyakar ƙarfina, Laminu, na ɗauka ya ɗauru."

Na ce Allah ya ba da lafiya. Ya ce amin, ya ce in permi ya fito zai kai ni wurin mai motar da kansa don in karɓi tuƙin, shi kuma ya tafi likita.

Mun iso Dakoro ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu Sani da iyalinsa. Baba Ilya kuwa, da na durƙusa zan yi masa godiya a tasha, sai ya ɗago ni da hannun hagu, ya ce in tashi in tafi gida, ana jirana.